Ngaundere zuwa Yawunde: jirgin ƙasa ko bas, wanne ya fi fitar da kuɗinsa?

Duk wanda zai gangara daga tudun Adamawa na Kamaru zuwa babban birni, idan ba jirgin sama zai hau ba, zaɓinsa biyu ne: jirgin ƙasa na dare da kamfanin Camrail ke tafiyarwa, ko bas ta hanyar Maiganga da Bartuwa. Na gwada su duka, kuma ra'ayina shi ne jirgin ya fi ga wanda zai iya sayen gado. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, sai ya auna da kyau kafin ya yanki tikitin aji na biyu.

Layin dogo tsakanin garuruwan biyu kilomita 622 ne, an kammala shi a 1974, kuma a Ngaundere ya ƙare. Shi ya sa tashar garin ta zama matattarar mutanen Garwa, Marwa, Kuseri har da na Cadi: su iso a mota da rana, su shiga jirgi wajen magariba. Titin mota ya fi tsawo nesa ba kusa ba, ya haura kilomita 800, domin sai ya karkata gabas ta Garwa-Bulai, daf da iyakar Afirka ta Tsakiya, kafin ya juyo ta Bartuwa, Abong-Mbang da Ayos.

Farashin da jirgin ya daɗe a kai kashi huɗu ne: aji na biyu sefa 10,000, aji na ɗaya na zama 17,000, ɗaki mai gado huɗu 25,000, ɗaki mai gado biyu 28,000, kowane na mutum ɗaya ne, zuwa kawai. Ɗakunan gadon su ake kira kushet. Kuɗin bas ba ya tsayawa wuri ɗaya, kowace ajans, wato kamfanin bas, da nata, amma babbar bas ta kowa da kowa tana zagaye kuɗin aji na biyu ko ta ɗara shi kaɗan, mai sanyaya iska kuma ta doshi kuɗin aji na ɗaya. Dalilin hawan kuɗin bas a fili yake: gas ɗin mota, wato dizal, ya tashi daga sefa 575 zuwa 720 a lita a watan Fabrairun 2023, ya sake hawa zuwa 828 a Fabrairun 2024, kuma fasinja ne ke biyan wannan ƙarin.

Inda lissafin ya fi muhimmanci shi ne tsakanin 17,000 da 25,000. Sefa 8,000 ne ratar, kuma abin da za ka saya da ita shi ne barci. Ɗakin ƙarami ne, gadaje biyu a ƙasa biyu a sama, da zanin gado da matashi, da ƙofar da ake kullewa ta ciki. Ka tura jakarka ƙarƙashin gado, ka miƙe ƙafa, gari ya waye ka sauka ka shiga hidimarka kai tsaye. Wanda ya kwana a zaune kuwa, ko a jirgi ko a bas, yakan isa da kumburin ƙafa da ciwon wuya, ya rasa rabin yini yana ramuwar barci, wani lokaci ma sai ya kama ɗaki. Ga tsoho, ko mai juna biyu, ko marar lafiyar da za a kai asibiti a Yawunde, ban ga abin da ya kai gadon nan ba. A roƙi na ƙasa tun wurin sayen tikiti, domin hawa na sama da tsani yake, jirgin kuma yana girgiza. Ƙarin 3,000 na ɗaki mai gado biyu ya cancanta ga miji da mata, ko uwa da 'yarta, tunda babu baƙo a ɗakin. Amma iyali mai mutum huɗu manya za su biya 100,000 a zuwa kaɗai, 200,000 zuwa da dawowa, a nan kam bas ta fara yin magana.

Aji na biyu shi ne ba na ba da shawararsa sai dole. Kujerun da tauri, tarago yana cika da mutane da buhuna, ana hawa ana sauka a kowace tasha har asuba, don haka ido ba ya barin kaya. Amfaninsa na gaskiya ga mutanen ƙauyukan da ke kan layin ne, wuraren da mota ba ta shiga da sauƙi musamman da damina. Mai tafiya daga farko zuwa ƙarshe da kuɗi kusan ɗaya zai sami kujera mai laushi a bas.

Maganar lokaci kuma, kada kowa ya ɗaura alƙawari da safiyar isowa. A takarda tafiyar jirgi awa 14 ce ko kusa da haka, a aikace takan zarce. Layin guda ɗaya ne, jiragen kaya masu ɗauke da katako, auduga, mai da hajar Cadi suna bin sa, idan biyu za su gitta dole ɗaya ya tsaya a tasha ya jira. Ɓangaren Belabo zuwa Ngaundere, kusan kilomita 330, ya tsufa, akwai wuraren da direba ke rage gudu sosai. In kuwa taragon kaya ya goce a gaba, babu hanyar kewayewa, kowa zai zauna har a gyara. Bas ma tana cin awa 14 zuwa 16, nata jinkirin daga shingayen jandarma da 'yan sanda ne, da jiran lodi, da manyan motocin da ke kai kaya Bangi da Injamena. Haɗarin titi da dare shi ne babban abin da ke sa ni fifita jirgi: direba ɗaya mai gyangyaɗi ya isa. In bas za ka hau, ka tambaya ko direbobi biyu ne ke karɓa-karɓa.

Akwai kuɗaɗen da ba a rubuta a tikiti ba. Tikitin jirgi da suna ake yankarsa, sai da katin ɗan ƙasa ko fasfo, kuma kushet na ƙarewa da wuri lokacin Salla, hutun makaranta da ƙarshen shekara, don haka a saya kwana biyu ko uku kafin tafiya. Wanda ya zo daga Garwa, tafiyar kusan kilomita 275 da hawan dutsen nan mai lanƙwasa kafin Ngaundere, ya tarar babu gurbi, kwanan otal da abinci sun cinye duk abin da yake son ragewa. Kaya masu nauyi a jirgi ana auna su a biya daban, a bas kuma ciniki ake yi da masu lodi, buhu-buhu, a tabbatar an manna lamba an ba ka rasit. Ɗan kasuwa mai buhuna da yawa yakan fi samun sauƙi a bas. Ga mutanen Nijar: sefar Yammacin Afirka darajarta ɗaya da ta Kamaru, amma takardun daban ne, mai sayar da tikiti ba zai karɓi taku ba, a canza tun kafin a iso.

Abinci a taragon cin abinci ya fi na waje tsada. Gara ka riƙe ruwa lita biyu, burodi da kilishi, da ƙananan kuɗi na 500 da 1,000 saboda masu talla da ke zuwa bakin taga a tashoshi da ayaba, abarba, sandar rogo da aka naɗe a ganye, da zumar Adamawa a kwalabe wajen Ngaundal. Ka karɓi kaya kafin ka miƙa kuɗi, domin jirgi ba ya jiran canji. Ka yi alwala tun a tasha, ka haɗa magariba da isha'i, ruwan bayan gida ba abin dogaro ba ne bayan tsakar dare. Rigar sanyi ma a kusa da hannu: Ngaundere ta haura mita 1,000 a kan teku, daren Disamba da Janairu yana cizo.

Tashar jirgi ta Yawunde a tsakiyar gari take, daga nan zuwa Briqueterie, unguwar Hausawa, gajeruwar tafiya ce a tasi. Wasu ajans kuwa a gefen gari suke sauke mutane, wani lokaci cikin dare, sai ka ɗauki shata da kayanka. A saka wannan ma a lissafi kafin a ce bas ta fi araha.