Tsohuwar Martin ko Stella: wacce za ka ɗauka?

Malam, ka tambaya tsakanin ƙaramar jitar Martin ta wajen 1910 da Stella ta shekarun 1920, wacce ta fi. Duk biyun 'yan Amurka ne, irin ƙananan nan masu siririn ƙugu da ake kaɗawa a falo, amma ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba.

Zura ƙaramin madubi ta bakin jitar, ka haska tocila. A Martin, wadda ake ƙerawa a Nazareth ta jihar Pennsylvania tun 1839, itatuwan da suka tokare fuskar sun gitta juna kamar harafin X, an fere su siri-siri. Shi ya sa muryarta ke da zaƙi, tana daɗewa kafin ta mutu. Na Stella, ta kamfanin Oscar Schmidt a Jersey City, a jere suke kamar matakalar tsani, katakon ma mai araha ne. Sautinta a bushe yake, ya fito da ƙarfi ya yanke nan take. Kada ka raina shi. Da Stella mai tsirkiya 12 mawaƙin Amurka Lead Belly ya yi suna.

Inda nake jin tsoro shi ne tsirkiya. Martin ta 1910 don tsirkiyar hanjin dabba aka yi ta, sai a shekarun 1920 kamfanin ya koma ta ƙarfe. Ka ɗaura mata ƙarfe, fuskar ta kumbura, jakin da ke riƙe tsirkiya ya fara ɗagowa. Nailan za ka sa mata. Stella ta saba da ƙarfe, sai dai wuyanta kan karkato gaba har tsirkiya ta yi wa yatsa nisa, kuma kuɗin gyaran ba kaɗan ba ne.

Idan bayan Martin ɗin na katakon rozwud na Brazil ne, tun 1992 sai da takardar izini yake tsallaka iyaka. Tunda kuma Kano za ka kawo ta, iskar hunturu na tsaga tsohon katako. Ajiye ta cikin akwatinta da ɗan soso mai laima, kada ya taɓa jikinta.

Ni dai, tunda bulus (blues, salon kiɗan baƙaƙen fatan Amurka) kake so ka kaɗa da yatsu, Stella zan ɗauka, in har wuyanta na tsaye daidai. Ka sa mai sayarwa ya turo hoton wuyan daga gefe, da na cikin.