Raket ɗin yaro mai shirin shiga gasar tanis: wanne ya kamata a saya?

A filin gasar yara 'yan ƙasa da shekara goma ba a daɗewa ake gane wanda aka saya wa raket da ya fi ƙarfinsa. Kan raket ɗin yana rinjayar hannunsa, kafin ya kai shi baya ya dawo da shi ƙwallo ya riga ya wuce, a ƙarshe sai ya koma tare ƙwallo kawai maimakon dukansa. Iyaye da yawa sukan sayi babba da nufin yaro ya girma ya cika shi, kamar yadda ake yi da takalmi. A tanis wannan lissafin ba ya fita, don kafin yaron ya cika raket ɗin hannunsa ya riga ya saba da mummunan bugu, koci kuma zai sha wuya kafin ya warware shi.

Abin da za a fara tambaya shi ne wane ƙwallo ake bugawa a gasar da yaron zai shiga. Tun 2012 hukumar tanis ta duniya, ITF, ta wajabta amfani da ƙwallaye marasa sauri a gasar 'yan shekara 10 zuwa ƙasa. Jan ƙwallo an rage masa sauri da kusan kashi 75 cikin 100, a kan ƙaramin fili mai tsawon mita 11 ake buga shi, kuma raket mai inci 19 zuwa 23 ya ishe shi. Mai ruwan goro rabin sauri gare shi, filinsa mita 18, raket ɗinsa inci 23 zuwa 25. Kore shi ne matakin ƙarshe, an rage masa kashi 25, a cikakken fili mai mita 23.77, da raket inci 25 ko 26. Na manya inci 27 ne.

Shekaru dai ba su ne alƙali ba, tsayin yaro ne. A tsayar da shi, a kafa kan raket a ƙasa gefen ƙafarsa, ya ɗora tafin hannu a kan gindin mariƙin. In sai ya lanƙwasa gwiwar hannu, raket ɗin ya yi masa tsawo. In sai ya sunkuya, ya yi gajere. Idan aka rasa na tsakiya, gajeren ya fi alheri.

Sai batun abin da aka ƙera shi da shi, kuma nan kuɗi suke rabuwa. Na alminiyam yana da araha da rashin nauyi, yana jure jifa da ja a ƙasa, abin da ƙananan yara ba sa fasawa. Ga mai buga jan ƙwallo ban ga dalilin sayen wani abu sama da shi ba, tunda wataƙila cikin shekara guda zai wuce shi. Amma da zarar an kai koren ƙwallo, balle mai ruwan ɗorawa na manya, alminiyam yakan fara karkarwa a hannu, yana juyawa in ƙwallo bai sauka a tsakiya ba. A nan na girafait, wani sinadari mai ƙarfi mara nauyi, yake biyan kuɗinsa: ya fi tsayuwa, ya fi shanye girgiza. Akwai kuma na gauraye, rabi da rabi, wanda ya dace da yaron da ke buga gasa jefi-jefi.

Yara sukan nace sai irin na gwaninsu, wannan Babolat saboda Nadal da Alcaraz, wancan Head saboda Djokovic da Sinner, wani Wilson saboda Federer. Ba laifi ba ne, duk waɗannan kamfanoni da Yonex suna yin ƙananan samfura masu inci 25 da 26 da fenti iri ɗaya da na manya, kuma yaron da ke son raket ɗinsa ya fi zuwa atisaye da kansa. A dai duba a tabbata girafait ne, domin ana yin na alminiyam ma da wannan fentin.

Zaren raket shi ne abin da aka fi mantawa da shi, ni kuma a wurina ya fi sunan kamfani muhimmanci. Ƙwararru suna son zaren foliyesta saboda yana taimaka musu murza ƙwallo, kuma ba ya saurin tsinkewa. Sai dai yana da tauri, kuma gwiwar hannu da wuyan hannun yaro mai tasowa ne suke ɗaukar wannan taurin. Yaron da bai kai ga tsinke zare a kai a kai ba, a bar shi da na nailan ko mai silli-silli da yawa, a kuma ce wa mai ɗaurin kada ya tsananta ja.

Matakin da ya fi rikita iyaye shi ne tsallakawa daga inci 26 zuwa 27, wajen shekara 11 zuwa 13. Daga 13 ne ake shiga gasannin matasa na ITF, masu matakai daga J30 har J500, kuma kafin nan akwai manyan gasannin 'yan ƙasa da 14 irin su Les Petits As a garin Tarbes na Faransa, wadda Nadal ya lashe a 2000. Ganin sa'anninsa da raket mai giram 300 yakan sa yaro gaggawa. Kamfanonin suna da inci 27 marasa nauyi, masu giram 260 zuwa 280, kuma da su ya kamata a fara. A ari na gwaji a buga cikakken wasa da shi, a lura da bugun sabis, wato bugun da ake sako ƙwallo da shi, a zagaye na ƙarshe lokacin da kafaɗa ta gaji, ba a mintunan farko ba.

Mai zuwa gasa yana buƙatar raket biyu iri ɗaya, da zare iri ɗaya, don zare na iya tsinkewa ana tsakiyar wasa. In kuɗin ba su kai ga sababbi biyu ba, biyu na hannu masu lafiya sun fi sabo ɗaya mai tsada. A bi jikin firam ɗin da yatsa ana neman tsagewa, musamman a wuya da saman kai, sannan a sake masa zare da naɗin mariƙi kafin ranar wasa.