Wata takwas da sa wa Fijo 504 sensar kiranshaf: abin da ya yi, da abin da na yi asarar kuɗi a kai

Motar ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Fijo 504 fara, haɗin Kaduna, irin waɗanda kamfanin PAN ya yi ta fitarwa daga Kakuri bayan ya fara aiki a 1975. Injinta mai silinda huɗu ne, cc 1971, a kishingiɗe gefe guda yadda Faransawa suka ga dama suka kwantar da shi. Injin bai taɓa ba ni ciwon kai ba. Kwantak da kwandensa na cikin distirbuta, wato na'urar da ke raba wa filogi wuta, su ne suka ishe ni. Waɗanda ake samu yanzu, ka sa yau, bayan wata biyu bakin ya ƙone, ko robar da ke guga a cikin distirbuta ta cinye, tazarar milimita 0.4 da aka saita ta tsuke, mota ta fara tari. Bakanikena har ya daina karɓar kuɗin saiti. Da ya hango ni sai ya ce, "Alhaji, yau ma ita ce?"

Da farko na so in sayi ƙaramar na'urar nan da ake sakawa a cikin distirbuta a madadin kwantak, irin su Pertronix, domin ta fi sauƙi da araha. Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne ranar da muka haska fitilar taimin, mai nuna lokacin da filogi ke ba da wuta, a kan alamar da ke jikin fulin gaban inji. Alamar ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai rawa take yi gaba da baya. Sandar distirbutar ta yi lako-lako, sarƙar taimin ma ta sha shekaru, kuma distirbuta daga kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, take samun juyi. Duk na'urar da ka sa a cikinta, rawar nan za ta gada. Shi ya sa na koma ga sensar da ke karanta kiranshaf kai tsaye, wato babbar sandar da fistin ke juyawa.

Ga abin da ya zo a kwalin da na yi oda daga wani ɗan kasuwa a Ingila: faifan ƙarfe mai haƙora wanda ake kira 36-1, sensar kiranshaf mai waya biyu, ƙarfen da ke riƙe ta, sai sensar kamshaf mai waya uku. Sauran kayan daban na haɗa: akwatin EDIS-4 na Ford, mai sarrafa wutar filogi, da koyil ɗinsa mai baki huɗu, waɗanda aka ciro daga tsohuwar Escort, da ƙaramin akwatin kwamfuta mai suna Megajolt, wanda shi ne ke faɗa wa EDIS lokacin da zai ba da wuta.

Faifan shi ne zuciyar abin, kuma dabararsa ta burge ni. An raba da'irar gida 36, kowane haƙori digiri 10, sai aka cire guda ɗaya. Sensar maganaɗisu ce da aka naɗe da siririyar waya. Duk haƙorin da ya gifta ta gabanta sai ya tayar da 'yar wuta, akwatin ya ƙirga. Idan giɓin ya zo, ya san inda fistin yake. A tsarin EDIS na silinda huɗu, lokacin da fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa, dole giɓin ya riga ya wuce sensar da haƙora tara, wato digiri 90. Mun ɓata kusan rabin awa muna musu da bakanike a kan wace ce silinda ta ɗaya, tunda Fijo daga wajen fulawil, wato bayan inji, take fara ƙirga, ba daga gaba ba. Sai yaronsa, wanda bai ce uffan ba tun safe, ya ce, "Oga, ai ta ɗaya da ta huɗu tare suke hawa." Kowa ya yi shiru. Gaskiya ya faɗa: ko daga ina ka ƙirga, faifan wuri ɗaya zai zauna.

Ingancin faifan ba laifi, yankan leza ne mai tsabta. Amma kada wani ya yaudare ka cewa ɗaurawa kawai za ka yi. Ba don 504 aka yi shi ba, na kowace mota ne. Sai da muka cire fuli muka kai wa mai tana a Panteka, ya ɗora a injinsa, ya daidaita tsakiya kafin a kama da walda. Idan faifan ya karkace ko kaɗan, tazarar da ke tsakaninsa da sensa za ta riƙa buɗewa tana tsukewa a kowane juyi, ita kuwa kusan milimita ɗaya ake so. Mai tanan ya gwada sau uku kafin ya yarda ya miƙo mini. Kuɗin da na ba shi su ne kuɗin da suka fi amfani a duk aikin.

Ranar tayarwa, aka yi ta murza kik, mota ta ce ba ta san zancen ba. Mai rewaya ya duba fis, ya duba koyil, ya fara yi mini kallon wanda ya kawo wahala. Ashe wayoyin sensar biyu ne muka juya. Sensa mai waya biyu tana da gaba da baya, takardar da ta zo a kwalin kuma ba ta nuna wace ce wace ba. Da aka musanya su, bugu ɗaya ta tashi. Mun tayar da ita ba tare da Megajolt ba, domin EDIS shi kaɗai yana tsayar da taimin a digiri 10 kafin ƙololuwa idan bai ji umarni daga ko'ina ba. Muka haska fitila: alamar ta tsaya cak a kan 10, kamar an zana ta da fenti. Bakanikena ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, gani ya kori ji."

Sai ɓangaren da ya ɓata mini rai, ƙarfen riƙe sensa. Siriri ne, da hannu ma kana iya lanƙwasa shi. A cikin gari ba a gane komai. Mako na biyu na kama hanyar Zariya, da na wuce Jaji na taka totur, sai mota ta fara fizga kamar mai ya ƙare, in na sassauta ta dawo daidai. Na tsaya na buɗe bonet, na ga bakin sensar ya goge, haƙora sun fara shafarsa. Girgizar inji ce ke kaɗa ƙarfen. A hankali na lallaɓa na dawo gida. Washegari mai walda ya yanko mini farantin ƙarfe mai kaurin milimita biyar, ya sa masa ƙafa ta biyu, muka ɗaure a jikin inji da noti biyu. Tun daga ranar ban sake jin fizga ba. Wanda ya sayar da faifai mai kyau haka bai kamata ya haɗa shi da wannan gwangwani ba.

Sensar kamshaf kuwa tana nan a ledarta cikin durowa. Laifina ne, ban yi tambaya ba kafin in biya. Kiranshaf yana juyi biyu kafin kamshaf ya yi ɗaya, saboda haka faifan kiranshaf ba ya iya bambance ko silinda ta ɗaya ce ke shirin ƙona mai ko ta huɗu. Aikin sensar kamshaf ke nan, ta raba gardamar. Amma EDIS bai damu da gardamar ba: filogi na 1 da na 4 tare yake ba su wuta, 2 da 3 ma tare, ɗaya ya ƙona mai, ɗayan ya tashi a banza cikin hayaƙi. Ba shi ma da inda za a jona ta. Sai wanda zai sa wa kowace silinda koyil nata, ko ya cire kabureta ya koma injekta mai fesa wa kowace silinda a lokacinta, shi ne zai buƙace ta. Mai kabureta irina, ya riƙe kuɗinsa.

Abu biyu ƙanana da na koya da jikina. Wayar sensa a sa mai rigar ƙarfe, a kuma nisanta ta da wayoyin filogi, in ba haka ba akwatin zai riƙa ƙirga haƙoran da babu su. Sannan da yake bakin sensar maganaɗisu ne, yana tara ɓurɓushin ƙarfe; duk lokacin da na canza baƙin mai nakan goge shi da tsumma.

Bayan wata takwas, ga abin da zan iya rantsewa a kai. Da sanyin safiyar hunturu tana tashi bugu ɗaya ko biyu, alhali da sai na yi ta lallashi. Silo ya kwanta, sitiyari ya daina karkarwa a danja. Ƙyas-ƙyas ɗin da take yi a hawa idan man bai da kyau ya tafi, bayan na jona kwamfuta da Megajolt na rage taimin kaɗan a wurin da take yin sa, abin da distirbuta ba za ta taɓa ba ka dama ka yi ba sai ka taɓa ko'ina. Batun shan mai, na ga sauƙi, amma ba irin wanda zai mayar maka da kuɗinka a shekara ɗaya ba. Ƙarfi kuma, 504 ce dai, ba ta zama wata mota ba.

Zan ba mai 504 ko 505 ta kabureta shawarar ya yi, idan distirbutarsa ta gaji kuma yana da mai tana da mai rewaya masu haƙuri. Idan distirbutar lafiya lau take, ƙaramar na'urar cikinta ta ishe shi. Ni dai ban cire tawa ba, tana nan a mazauninta. Tsohon koyil da wayoyinsa da sabon kwantak suna cikin but a wata jaka, tare da sensa guda ta ajiya, domin idan abin ya tsaya mini tsakanin Funtuwa da Gusau, ban ga bakaniken bakin hanyar da zan tsaya yi wa bayanin haƙori tara ba.