Harsashin kamfani ko na ɗurin hannu: wanne ya fi wa maharbin Bauchi?

Wani ɗan'uwa daga Alƙaleri ya ce ya ga bidiyon maharban Amurka suna tsince kwanson harsashin da suka harba, su sake ɗura shi a gida. Yana tambaya ko shi ma ya fara, tunda harsashi ya yi tsada, kuma dama tun yana yaro yake ɗura bindigar toka a gaban mahaifinsa.

Malam, Allah ya ba ka sa'ar dawa. Ɗurin bindigar toka daban, wannan daban.

Harsashin raifal abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, ɗan maɓallin da ke gindinsa wanda allurar bindiga ke sara ya tayar da wuta, albarushi, sai kan harsashin, wato dalma mai rigar jan ƙarfe. In an harba, uku sun tafi, kwanso ya rage, kuma sau da yawa shi ne mafi tsada a cikinsu. Shi ya sa mai ɗuri yake tsince shi. Zai wanke shi, ya matse shi a injin hannu ya koma girmansa na asali, ya duba bakinsa ko ya tsage, sannan ya sake haɗawa. Kamfanoni irin su Lee da RCBS da Hornady su ke ƙera waɗannan kayan aiki.

A wajen daidaiton harbi, na hannu yana da abin cewa. Na kamfani kamar rigar kanti ce, an yi ta don ta shiga kowa. Na hannu ɗinkin tela ne, an auna shi da bindiga ɗaya tak. Amma ka tambayi kanka, a wane nisa kake harbi? Wanda ke bin gada ko zomo a cikin sarƙaƙiya bai kai inda wannan bambanci zai bayyana ba.

A wajen kuɗi kuwa, lissafin na masu yawan harbi ne. Ba'amurken da ke zuwa filin gwaji duk ƙarshen mako zai mayar da kuɗin inji da sikeli. Kai da kwali ɗaya zai iya kai ka ƙarshen rani, yaushe za ka mayar? Balle kayan haɗin ba a kasuwar Wunti ko Muda Lawal ake sayar da su ba.

Inda na fi so ka tsaya shi ne maganar albarushi. Na bindigar toka baƙi ne, mai hayaƙi, kuma tsofaffinmu da ido da ɗan ma'auni suke zuba shi. Na raifal marar hayaƙi ne, ba a auna shi da ido. Da giren ake auna shi, giram ɗaya kuwa giren 15 ne da ɗoriya, kuma masu ɗuri har kashi ɗaya cikin goma na giren suke kula da shi, suna bin littafin awo da kamfani ya gwada a ɗakin bincike. Dalili? Harsashin raifal mai awo irin .30-06 ko .308 Winchester yana tayar da matsi da ke kaiwa wajen laba 60,000 a kan kowane inci murabba'i, a cikin ƙarfen da ke dab da kuncinka. Ka zuba fiye da ƙima, ko ka rikita wani nau'in albarushi da wani, bindiga ta tarwatse a fuska. Ka manta ba ka zuba ba, kan harsashi ya maƙale a bututu, na biye da shi ya zo ya same shi. Na kamfani ma yakan ba da matsala, amma da wuya.

Ko da hannunka ya ƙware, akwai hukuma. A Amurka mutum yana ɗura wa kansa ba tare da lasisin gwamnatin tarayya ba. A nan Najeriya, dokar bindigogi ta 1959 ta hana ƙera ko haɗa harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar sojoji. Aikin irin su DICON ne, kamfanin ƙera makamai na gwamnatin tarayya da ke Kaduna tun 1964. Dokar ta raba bindigogi gida uku. Ta toka da ake ɗurawa ta baki tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. Ta farauta mai baki ɗaya ko biyu da raifal ɗin farauta, lasisinsu na Sufeto Janar ne. Akwai kuma haramtattu, sai da izinin shugaban ƙasa, a cikinsu har da raifal ɗin soja masu awon 7.62 da .303. To .308 ɗin da ake yawan nunawa a bidiyon nan ɗan'uwan 7.62 na sojojin ƙawancen NATO ne, kwansonsu kusan ɗaya. Ka ga in aka tsayar da kai a shingen hanyar Bauchi zuwa Gombe da leda cike da irin wannan kwanso, "ai na farauta ne" ba za ta fisshe ka ba. Kai da kake maƙwabtaka da Yankari ma, inda farauta haramun ce kuma masu gadin daji ke sintiri, ido ya fi yawa a kanka.

Ni dai a ganina, in kana da lasisi, ka sayi na kamfani a hannun dillali mai rajista, ka riƙe rasit ɗinka. Ka duba awon da aka buga a gindin kwanso ya yi daidai da wanda ke jikin bututun bindigarka. Kada ka bar kwalin a mota cikin zafin Maris da Afrilu, zafi yana ƙara matsi.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ya kamata Sarkin Baka ya tsawatar a kai: fasa harsashin zamani a juye albarushinsa a bindigar toka wai don ta ƙara ƙarfi. Bututun da maƙeri ya yi ba a yi shi don wannan matsi ba, yakan fashe ne ya tafi da yatsu, wani lokaci har da ido.