Wurin ajiye shanu kusa da mayankar Kaase: ruwa da inuwa akwai, rabon shinge babu

Ga mahautan zango da ke sayen shanu su bar su kwana ɗaya ko biyu kafin yanka, wannan wurin ajiya da ke ɓangaren Kaase a Kumasi yana da abin yabo. Kwamin ruwa ba ya bushewa, rumfa ta wadata, kuma masu kiwon ba sa yawan ɗaga sanda.

Inda suka gaza shi ne shinge ɗaya ne babba. Motar da ta taso daga Bolga ko Paga, can arewacin Ghana, ta sauke, sai a tura bijimanta cikin waɗanda suka kwana. Wannan sa bai san wancan ba, dole su gwada ƙaho su hau juna har a san babba. Wannan kokawa tana ƙone sukarin da ke ajiye cikin tsoka, wato gilaikojin. In an yanka a haka, pH ɗin nama, wato ma'aunin da ke sauka in tsami ya ƙaru, ba ya sauka zuwa 5.5 yadda ya kamata, sai ya tsaya a 6 ko sama. Nama ya fito baƙi-baƙi, a bushe, yana kama hannu, kuma a zafin Kumasi ba ya jimawa kan tebur. Ga tabon jini a haƙarƙari da cinya, wanda sai an yanke an zubar.

Hutun dare ɗaya ba ya mayar da sukarin nan, yana ɗaukar kwanaki. Mai kawo ajiya nan ya nemi a ɗaure nasa a turke daban, ayarin mota ɗaya wuri ɗaya, masu dogon ƙaho nesa da ƙanana. Masu kiwon suna yi in an biya kuɗin igiya.