Leƙen abin da jama'a ke tambayar Google: sharhina kan manhajojin kalmomin bincike

Akwai manhajojin da aka ƙera don 'yan talla da masu shafukan intanet, aikinsu su nuna maka kalmomin da mutane suka fi rubutawa a Google. Ni ba talla nake yi ba, shagon kayan waya gare ni a wajen Ƙofar Ƙaura. Ɗan yayata ne ya nuna mani su, suka zama abin rage zama in kasuwa ta yi sanyi.

Wadda ta fi shiga raina ita ce Google Trends. Kyauta ce, ba ta neman rijista. An buɗe ta a 2006, amma bayananta sun koma har 2004. Ka zaɓi Najeriya, ka zuba 'yan kalmomi, ta zana maka yadda kowace ke hawa da sauka. Lambar da take bayarwa daga 0 zuwa 100 ce, kuma ba adadin mutane ba ce; 100 na nufin lokacin da neman kalmar ya kai ƙololuwa, sauran ana auna su da shi.

In kana son ka ga daɗinta, rubuta "Ramadan" ka zaɓi shekara biyar. Kowace shekara layin zai yi tsini sau ɗaya, tsinin kuma yana matsowa baya da kimanin kwana 11, daidai yadda watan azumi ke zagaya shekarar Bature. Na daɗe ina kallon wannan. Haka sakamakon JAMB da na WAEC, kwance duk shekara, ana cewa ya fito sai layin ya miƙe tsaye. Sunan Daura kuwa ya yi tashin gaske a Yulin 2025, makon da aka yi jana'izar Muhammadu Buhari a can.

Masu gardamar ƙwallo a bakin shagona sun so su mai da ita alƙali. Wani yaro ɗan Arsenal ya ce, "Kawu, haɗa mana da Chelsea mu ga wa ya fi jama'a." Na haɗa, ba ta raba gardamar ba, don ranar da aka lallasa ƙungiya ma neman sunanta tashi yake yi. Mai so da mai zuwa dariya duk wuri ɗaya ake ƙirga su.

AnswerThePublic kuma tattaro tambayoyin da ake yi game da kalma take, ta jera su a da'ira. Kamfanin Neil Patel, mai wata manhajar kalmomin bincike da ake kira Ubersuggest, ya saye ta a 2022, kuma dukansu biyu 'yan bincike kaɗan ake ba mai amfani kyauta a rana. Keyword Planner, manhajar Google mai ƙiyasta sau nawa ake neman kalma, sai da asusun masu talla na Google Ads, kuma wanda ba ya biyan talla ƙiyasi mai faɗi yake samu, kamar a ce tsakanin 1,000 da 10,000 a wata. Mai wasa irina ba shi da dalilin biyan ko sisi a nan.

Inda abin ya rage armashi shi ne Hausa. Ka taƙaita bincike zuwa jihar Katsina, ka sa Gobarau ko Kusugu ko Sallar Gani, sau da yawa za a ce maka bayanai ba su isa ba, domin kalmar da masu nemanta ba su da yawa sifili ake ba ta. Ga rubutunmu kowa da nasa: wannan ya sa Lailatul Ƙadri, wancan Qadr, lissafin ya rarrabu. Sannan mu nan, mai tambaya yakan tura saƙon murya a WhatsApp, ko ya kira gidan rediyo, ko ya jira malam bayan Magariba. Duk wannan ba ya cikin zanen. Saboda haka in wani ya nuno maka jadawali ya ce ga abin da ke ran Katsinawa, ka sani na 'yan tsirarun da ke rubuta wa Google tambaya ne, akasari ma da Turanci.

Ga mai son ganin tambayoyin Hausawa, akwatin binciken Google ɗin kansa ya fi su duka amfani. Rubuta "yadda ake" ko "fassarar mafarkin" ka dakata, kada ka danna komai, ka karanta abin da zai ƙarasa maka. Sai dai ka buɗe shafin sirri na burauza tukuna, in ba haka ba tsofaffin tambayoyinka ne za su fara fitowa a gaban mutanen da ke leƙen wayarka.