Airwolf a faifan Blu-ray: bugun Ingila na zango uku ya wadatar

Duk wanda ya taɓa jin kukan jirgin nan yana tasowa daga cikin ramin dutse, kiɗan Sylvester Levay na biye da shi, ya san abin da yake nema in ya ce yana son ya sake kallon Airwolf, tsohon shirin talabijin na Amurka a kan wani jirgin yaƙi mai saukar ungulu. Tambayar ita ce wane bugu zai saya, domin guda biyu ne aka fi cin karo da su: na Fabulous Films da ya fito a Ingila a 2014, mai ɗauke da zango uku na farko, da na Mill Creek da ya fito a Amurka a 2016, wanda ya haɗa har da zango na huɗu. Mai zama a Najeriya, Nijar ko Ghana, na Ingila ya fi dacewa da shi.

Dalili na farko na na'ura ne. An raba duniya shiyya uku wajen faifan Blu-ray, Afirka da Turai suna shiyyar B, Amurka tana A. Bugun Ingila na B ne, don haka na'urar da aka yi wa kasuwar Turai ko Afirka za ta karɓe shi. Wanda na'urarsa ta zo daga Amurka kuwa, sai ya duba harafin da ke bayanta kafin ya biya kuɗi, kuma wannan ya shafi PlayStation mai cin faifai, don ita ma tana bin shiyya wajen fim. Na'urar DVD zalla ba ta karanta Blu-ray ko kaɗan, hasken da take karatu da shi daban ne. A kuma lura da abin da ke rubuce a kwali: akwai faifai guda da ake sayarwa da sunan fim ɗin Airwolf, kashin farko ne kawai aka sake yanka shi, ba jerin shirin ba ne.

Dalili na biyu shi ne rashin zango na huɗu ba asara ba ce. Donald P. Bellisario ne ya ƙirƙiri shirin, tashar CBS ta nuna shi daga Janairun 1984 zuwa 1986. Da ta ajiye shi, sai aka kai aikin Kanada a 1987 da kuɗi kaɗan, aka canja 'yan wasa, Barry Van Dyke ya karɓi jagoranci. Mafi muni, jirgin kansa ba ya hannunsu, sai tsofaffin hotunan tashinsa suka riƙa yankowa suna mannawa. Shirin jirgi ba jirgi, ai tuwo ne ba miya.

Hoton bugun Ingila daga fim ɗin asali aka sake ɗauko shi, kuma bambancin a fili yake. A tsofaffin kaset jirgin baƙi ƙirin yake fitowa. A nan za ka ga ruwan toka ne mai duhu da sheƙi, cikinsa fari, ga layin da aka haɗa ƙarin sassa a hanci da gefuna. Jan duwatsun Monument Valley a Amurka, inda aka ɗauki wajen maɓoyarsa, sun fito da launinsu. Abin da ya fi burge ni shi ne tashin da ake yi ƙasa-ƙasa a cikin kwazazzabai: jirgi ne na gaske, matuƙi na gaske, iskar farfela na tayar da ƙura, ba zanen kwamfuta ba. Yau da wuya a sake biyan kuɗin irin wannan aiki don shirin talabijin.

Sai dai tsabtar hoto tana tona asiri. Inda aka aro tsohon hoton jirgin yaƙi ko na makami mai linzami daga ma'ajiyar soja, nan take hoton ke yin tsakuwa-tsakuwa, launi ya dushe, sannan ya dawo garau. Ba laifin faifan ba ne, haka abin yake tun asali, ƙaramin allo ne ya rufa masa asiri a da. Haka kuma wanda ya kalli kashi huɗu a zama ɗaya zai gane juyi ɗaya da fitowar bindigogi ɗaya ake ta maimaitawa. Kashi ɗaya ko biyu a dare ya fi daɗi, yawancinsu ba su kai minti 50 ba.

Saitin talabijin yana da muhimmanci. An ɗauki shirin a tsarin allo na 4:3, don haka baƙin gefe dama da hagu daidai ne. In aka miƙe hoton ya cika allo, jirgin zai yi faɗi kamar an danne shi, in aka zuƙo shi kuma farfelar sama ta yanke. A kashe saitin da ke santsar da motsi, domin yana ƙirƙirar hotunan tsakiya, farfela mai gudu kuwa tana rikita shi har ta riƙa yin inuwa biyu. A rage kaifin hoto, a kashe mai goge tsakuwa, in ba haka ba fuskoki su koma kamar na roba. Sautin na talabijin ɗin wancan zamani ne, ba na lasifika biyar ba, amma ko ƙananan lasifika biyu na waje sun fi na jikin allo fito da kukan injin.

Jirgin asali Bell 222 ne, na fasinja, mai inji biyu, farfelar sama mai reshe biyu, ƙafafunsa na naɗewa su shige cikin gefuna. Gudunsa bai kai kilomita 300 a awa ba. Wuce saurin sauti da shirin ke nunawa ƙage ne, domin in jirgi mai saukar ungulu ya matsa gudu, reshen da ke komawa baya yana rasa iskar da za ta ɗaga shi, jirgin ya karkace. Marubutan sun san haka, shi ya sa suka ce ana sakin farfela injinan gefe su karɓi aiki. Bayan shirin an cire masa kayan ado aka sayar da shi Jamus yana ɗaukar marasa lafiya, a can ya faɗi cikin hadari a Yunin 1992, mutum uku da ke ciki suka rasu.

Zango na farko shi ne zuciyar kwalin. Jan-Michael Vincent a matsayin Stringfellow Hawke, mutum mai ƙarancin magana da ke zaune shi kaɗai a bakin tafki, ya ƙwato jirgin daga Libiya ya ƙi mayar wa hukumar leƙen asirin da ta aike shi har sai an nemo masa wansa da ya ɓata a yaƙin Biyetnam. Ernest Borgnine na gefensa da fara'a, Alex Cord a matsayin jami'in hukumar da fararen kaya da ido ɗaya a rufe. Daga zango na biyu tashar ta nemi a sassauta don iyali, aka shigo da Jean Bruce Scott, labaran suka koma na cikin gida. Na uku, bayan tafiyar Bellisario, ya fi rauni, amma tashin jirgin bai ragu ba.

A guji kwafin kasuwa da ake cusa zango guda a faifan DVD ɗaya. Faifan DVD mai shafi ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka, na Blu-ray 25 ko 50, kashi 22 kuwa in aka matse su a wuri ɗaya, sararin sama da hayaƙi su ne ke fara fashewa gida-gida, kuma su ne rabin abin kallo a wannan shiri.